Auna ruwan tur'a kafin ka sa rai da takardar wuta mai tsabta

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 wuta ta zama sai an ga dama, samarin garin Mai Wurno da ke bakin kogin Shuɗin Nilu suke tambayata ko ƙaramin injin ruwa a bakin tur'a, wato magudanar ban ruwa, zai kawo wuta, har a sayar wa kamfanonin waje takardar shaida. Zai iya, amma ruwa za ka fara aunawa.

Nemi inda ruwa ke faɗowa, ka auna tsayin faɗuwar da mita. Sai ka ware mita 10 a miƙaƙƙen wuri, ka jefa gorar roba mai rabin ruwa, ka ƙirga daƙiƙun da za ta ci. Raba 10 da daƙiƙun, ka ninka da faɗin tur'ar da zurfinta, sannan ka ninka da 0.8, don ruwan ƙasa bai kai na sama gudu ba. Abin da ya fito, wato kubik mita a daƙiƙa, ka ninka da tsayin faɗuwar, ka ƙara ninkawa da 7: kilowat ɗinka ke nan. Kubik mita ɗaya a daƙiƙa mai faɗowa mita 2 zai ba ka kamar kilowat 14.

Kada ka auna da damina kaɗai. Lokacin nan Shuɗin Nilu cike yake da laka mai cinye fukafukan inji, da rani kuma akwai tur'ar da ake rufewa ƙaf. Ruwan ma ba naka ba ne, sai ma'aikatar ban ruwa ta yarda.

To, takardar. A tsarin I-REC, wato tsarin ƙasa da ƙasa na shaidar wuta mai tsabta, takarda ɗaya na nufin kilowat-awa 1,000 da aka samar daga ruwa, rana ko iska. Injin kilowat 14 sai ya kwana uku yana juyawa ba tsayawa kafin ya haifi guda. Mai saye ba wutar yake ɗauka ba, shaidar yake saye, kuma ba a sayar da ita sau biyu. Dole ka sa mitar da aka tantance, ka yi wa injin rajista, ka riƙa ajiye karatun kowane wata a littafi.

Rajista da tantancewa na cin kuɗi. Madatsar Sinnar da ke kan Shuɗin Nilu, mai megawat 15, ta fi injinka sau dubu, ita ce irin wadda lissafin ke yi wa daɗi. Ni dai a ganina, ku haɗa injuna da yawa ƙarƙashin ƙungiya ɗaya ku raba kuɗin, wutar kuma ku sayar wa masu niƙa da masu ƙanƙara a gari.