Darasi na 9: Ganyen lambu da mangwaro a gidanmu

Kowane lokaci da abin da yake kawowa kasuwar garin Tawa, a Nijar. Da ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, masu noman rani suna shigowa da salati, karoti, tomati da albasa mai ganye. Wajen Maris albasar Galmi take cika kasuwa. Idan zafi ya kankama, daga Afrilu zuwa Yuni, sai mangwaro. Damina kuma ta yakuwa ce da rama da lalo da tafasa. Abin da ke cikin lokacinsa ya fi araha, ya kuma fi daɗi a baki.

Ki yi sammako. Ganyen da aka tsinko da asuba yana tsaye, kore shar, har da ɗan sanyi a hannu. Wanda ya sha rana ya yi laushi, ya sunkuyar da kai. Ga yadda wata ɗalibarmu ta yi da mai lambu:

"Ina kwana, Baba? Zogalen nan na yau ne?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Ɗazu na karyo shi. Girgiza ki gani."

Ta girgiza ɗaurin, ganye bai zuba ba. Zogalen da ya kwana, da an taɓa shi sai ya dinga kaɗewa.

Da kin isa gida, ki wanke hannu da sabulu. Ki tsinke ganyen daga kara, ki wanke shi sau 3 da ruwa mai tsabta, kina tsamo shi da hannu don ƙasa ta zauna a ƙasan kwano. Wanki ake fara yi, yanka ya biyo baya.

Yanzu kwaɗon zogale, wanda Zabarmawa ke kira kopto. Ki bari ruwa ya tafasa kafin ki zuba ganye, ki rufe tukunya. Da ya yi laushi ki sauke, ki tace, ki matse kaɗan. Ki daka ƙuli-ƙuli, ki yanka albasa da tomati, ki sa gishiri, tonka da mai cokali 2, ki cakuɗa. Daga ƙarshe ki matsa lemun tsami.

Maganar lemun nan nake so mu riƙe da kyau. Ganye yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, tsamin lemu da tomati kuwa suna taimaka wa jiki ya sha shi. Mai ciki da mai shayarwa su suka fi buƙatar wannan. Shayi yana rage wannan amfani, don haka a jinkirta shi, kada a haɗa da abinci. Sai kanwa. Haka na tashi na ga ana yi a gidanmu, a jefa ta don ganye ya nuna da wuri, kuma na daɗe ina yi. Amma kanwa mai yawa da doguwar dahuwa suna kashe wani ɓangare na amfanin ganye, abin da kuma ke ba ni takaici shi ne yara ne ke yin asarar. Ki rage ta iya yadda za ki iya.

Mangwaro ba ya son wuta. Ki zaɓi mai ƙamshi a wajen hanci, marar tabo. Ki wanke, ki fere, ki murje nunanne da cokali ki ba yaron da ya wuce wata 6. Yana da amfani ga ido. Wanda aka yanka aka bari a buɗe ƙuda ya hau, kada a ba yaro.

In zogale ya rage, ki shanya shi a inuwa a kan tabarma mai tsabta, ki daka, ki adana a gwangwani mai murfi don barbaɗawa a miya.

Aiki

Ku rubuta waɗannan kalmomi a littafinku: zogale, yakuwa, ƙuli-ƙuli, ɗauri.

A ce ɗauri ɗaya dala 10 ne, wato sefa 50. Nawa ne kuɗin ɗauri 4?

Wane ganye kuka gani a kasuwa wannan makon? Ku rubuta sunansa da yadda kuke dafa shi.