Yadda ake lissafa kuɗin gudanar da rigakafin yara a ƙaramin asibiti a Kebbi

Allurar kanta kyauta take zuwa: gwamnatin tarayya da Gavi, ƙungiyar duniya mai tallafa wa rigakafi, ke biya, hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa (NPHCDA) ta rarraba wa jihohi. Abin da ke cin kuɗin asibiti shi ne ɗauko ta daga ma'ajiyar ƙaramar hukuma, tsare sanyinta, da kai ta hannun yaro. Wannan ne ya kamata mai kula da asibiti ya iya lissafawa kafin ya rubuta tsarin aikin shekara.

Fara da yawan yara. Ƙa'idar da ake bi ita ce kashi 4 cikin 100 na jama'ar yankin su ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Idan mutum 10,000 asibitinka ke kula da su, yara 400 ke nan. Ka gwada wannan adadi da rajistar ungozoma da abin da masu unguwa suka sani, don rugage da tungayen masunta sukan faɗo daga lissafi.

Sai yawan allura, kuma a nan aka fi yin kuskure. BCG, allurar tarin fuka, kwalba ɗaya ta yara 20 ce, da zarar an haɗa ta da ruwanta sa'a 6 kawai take yi, ko an gama ko ba a gama ba sai a zubar. Ta ƙyanda da ta shawara su ma sa'a 6 suke yi. Don haka akan ɗauka rabin BCG zai tafi a banza: yara 400 sai a nemi na 800, wato kwalba 40. Amma in kowane mako kake zaman BCG, kwalba 52 za ka buɗe a shekara ko da jariri uku ne suka zo. Lissafin zama ya fi na takarda gaskiya. Kada kuma a mayar da uwa gida don ana jin ɓarnar buɗe kwalba. Dawo da ita ya fi kwalbar tsada. Penta, mai kare cututtuka biyar, da ta shan inna suna iya kai kwana 28 bayan buɗewa, muddin sanyi bai yanke ba kuma alamar da ke jikin kwalbar ba ta yi duhu ba. A kan jimillar, ƙara kashi 25 na ko-ta-kwana.

Sirinji: daga haihuwa zuwa wata 15 yaro na shan allura 14, ban da na ɗigawa a baki. A Kebbi an ƙara 4 na zazzaɓin cizon sauro tun Disamban 2024, a wata 5, 6, 7 da 15, sun zama 18. Yara 400 sirinji 7,200 ke nan, ka ɗora kashi 10 na lalacewa, da sirinjin haɗawa ɗaya ga kowace kwalbar da ake haɗawa da ruwa. Kwalin zubar da allura mai lita 5 yana cin 100, ka ga wajen 80 ake buƙata, da kuɗin kai su wurin ƙonawa.

Babban kashin kuɗin yana kan fita ƙauyuka. Rubuta kowane gari da nisansa zuwa da dawowa, litar man da babur ke sha, alawus ɗin mai allura da mai rajista, da ɗan abin da ake ba mai shela. Ninka da yawan fita a shekara. Garuruwan bakin ruwa a Yauri, Ngaski da Shanga a ware musu kuɗin jirgin ruwa, kuma a yi na damina daban, don hanyar da babur ke bi da rani ba ta biyuwa a watan Agusta. Farashin mai kuwa na ranar da kake lissafi za ka sa, ka sake dubawa duk wata uku.

Firij mai sola ba ya shan mai, amma yana son a riƙa share ƙurar faifan da hunturu, a kuma ajiye kuɗin kiran mai gyara. Sanyi ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, a duba safe da yamma. Ƙanƙarar kular ɗaukar allura a bar ta ta fara narkewa har a ji ruwa na motsi a ciki, in ba haka ba Penta da PCV, ta ciwon huhu, su daskare su lalace.

Daga ƙarshe raba jimillar kuɗin da yawan yaran da suka kai zagaye na 3 na Penta. In 400 suka fara, 300 suka kai, da 300 za ka raba, kuma wannan adadin za ka kai wa kwamitin mazaɓa lokacin kasafta kuɗin BHCPF, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa kiwon lafiya a matakin farko.