Masu aikin dare, ga dabarar Google Calendar

Jama'a masu night duty, musamman nas-nas da masu gadi, in ka je saita lokutan aiki a Google Calendar kar ka wahalar da kanka wajen sa 10 na dare zuwa 6 na safe a layi ɗaya, kowace rana lissafinta daban ne. Raba shi gida biyu kawai, Litinin ka sa daga 10 zuwa tsakar dare, sai ka koma Talata ka sa 12 na dare zuwa 6 na safe, ka danna alamar + da ke gefen ranar ka ƙara daren Talatar, haka har ƙarshen sati. Amma fa sai a kwamfuta, kuma da akawun ɗin ofis ko na makaranta, Gmail na gida ba shi da wurin saita lokutan aikin.