Darasi na Tara: Idan Na'urar Ɗumama Ruwa Mai Gaz Ta Ƙi Kamawa

A ƙasashen sanyi kamar Faransa da Ingila, tukunyar gaz guda ce ke dafa ruwa, ta tura shi cikin bututai zuwa kowane ɗaki domin gida ya yi ɗumi. Mu a Yamai ba mu buƙatar wannan, amma ƙanwarta ta shigo wasu gidajenmu, wato na'urar da ake kafawa a bango don ɗumama ruwan wanka, wadda masu gyara ke kira shofo. Gaz ya ƙara samuwa tun da matatar man Damagaram ta fara aiki a 2011, sai dai ita na'urar ba a cika tunawa da ita ba sai ɗarin Disamba ya sauka, bayan ta yi watanni tana shan ƙura.

Kafin ku kira mai gyara, ku fahimci yadda take aiki. Idan an buɗe pampo, ƙarfin ruwa yana tura wata fatar roba da ke ciki, ita kuma ta buɗe wa gaz hanya, sannan batir ya ba da tartsatsi, wuta ta kama ƙarƙashin bututun jan ƙarfe da ruwa ke bi. Saboda haka da ruwa ake fara bincike. Idan yana zuwa da rauni, kamar yadda yake yi da sassafe lokacin da unguwa duka ke ɗiba, na'urar ba za ta kama ba ko da lafiyarta ƙalau. Idan kuwa sauran pampunan gida suna zuba da ƙarfi, ku rufe ruwa, ku kwance ƴar rariyar da ke mashigarsa cikin na'urar, ku wanke yashin da ya toshe ta.

Daga nan ku buɗe pampo ku kasa kunne. In ba ku ji ƙarar tartsatsi tana yin ƙas-ƙas ba, ku duba manyan batura biyu da ke ƙasan na'urar, ku sa sababbi daidai da alamar + da −, ku kuma kankare tsatsar da ke bakin ƙarfen. Mutane da yawa sun biya kuɗin gyara a kan abin da bai wuce wannan ba.

Idan tartsatsi na fita amma wuta ba ta kama ba, sai a koma kan butalin gaz. Ku ɗaga shi ku ji nauyinsa, ku tabbata detandar, wato abin da ke rage ƙarfin gaz kafin ya shiga tiyo, ta zauna daram a bakinsa, tiyo kuma bai lanƙwashe ba. Bayan an canza butali iska kan shiga tiyo, don haka sai an gwada sau biyu ko uku. Kada a kwantar da butali, kada kuma a kai shi kusa da wuta wai don gaz ya fito.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne launin wutar. Ku leƙa ta ƴar tagar da ke gaban na'urar: wuta mai lafiya shuɗiya ce, a tsaye take, ba ta hayaƙi. Idan ta koma ruwan ɗorawa, tana rawa, ko kuka ga baƙin hayaƙi ya ɓata bango, to ƙurar hunturu ta toshe ramukan wutar ko kuma iska ba ta isa ba, gaz ba ya ƙonewa sarai. Irin wannan wutar tana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kisa. Haɗarin ya fi yawa a lokacin ɗari, domin a lokacin ne muke cusa tsumma a kowace kafa don tsoron sanyi. Wanda ya ji ciwon kai, jiri ko tashin zuciya yana cikin wanka, ya rufe gaz, ya fito fili nan take, a kai shi likita. Ina roƙonku, kada ku yarda a kafa wannan na'ura cikin makewayin da ba shi da taga, kuma gyaran irin wannan wutar aikin gwani ne, ba na mai gida ba.

Warin gaz ma ba abin jinkiri ba ne. Gaz ɗin butali ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa inda yara ke barci. Ku rufe butali, ku buɗe ƙofofi, kada ku kunna ko ku kashe lantarki, kuma idan warin ya ƙi tafiya ku fita waje ku kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Wurin yoyo da ruwan sabulu ake nemansa: a shafa a mahaɗar tiyo, inda kumfa ta yi ta tashi nan ne ɓarakar take. Na taɓa ganin wani yana nema da ashana, Allah ne kawai ya tsare gidan.

Aikin gida: akwai shekara rubuce a jikin tiyon gaz, wadda bayanta ba a amfani da shi. Kowa ya karanta ta gidansa, ya rubuta lambobin huɗu a littafinsa, ya zo da su darasi na gaba.