Ƙafar ɗan fili a kan dutse: kurakuran da 'yan Zariya ke yi in za su Jos ko Mambila

Duk sanda hutu ya matso, na bayan salla ne ko na ƙarshen shekara, sai samari sun same ni a majalisarmu ta Tudun Wada da magana iri ɗaya. Wannan ya ce, "Kawu, muna so mu ɗan leƙa Jos da motar gida." Wancan ya ce, "Mun haɗa kuɗi za mu Mambila, ta ina ake bi?" In yi bayani har yawun bakina ya ƙafe, su ce sun ji, su tafi. Bayan mako guda su dawo da labarin da na riga na sani tun kafin su buɗe baki: dare ya yi musu a daji, mota ta yi zafi, birki ya yi wari, wani ya kwana yana zarya bayi. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Asalin matsalar ita ce mu 'yan fili ne. Ƙasar Zazzau ta wajenmu shimfiɗaɗɗiya ce, dutsen da muka taso muna gani shi ne Kufena, shi ma da ƙafa ake hawansa. Wanda ya koyi tuƙi tsakanin Kwangila da Samaru, ya ƙware a hanyar Kano da ta Kaduna, ƙafarsa ta saba da abu biyu kawai: taka totur, taka birki. To Zariya tana zaune ne a tsayin mita 600 da wani abu daga teku, Jos kuwa wajen mita 1,200, Mambila kuma kusan 1,600. Duk wannan bambancin mota ce za ta hau shi, ita ce kuma za ta sauko da shi ɗauke da kai da iyalinka.

Kuskuren farko tun a ɗaki ake yin sa, wato lissafin tafiya da kilomita. Yaro ya buɗe taswirar waya, ta nuna masa Zariya zuwa Jos kilomita 240 ne ko kusa da haka, ya ce ai ko bayan azahar ya tashi zai isa da ido. Wayar ba ta san ramukan da damina ta tona ba, ba ta san shingayen jami'an tsaro ba, ba ta san cewa in ka dace da ranar kasuwar wani gari za ka yi rabin awa kana bin bayan amalanke ba. Hanyar ta bi ta Soba, Dutsen Wai, Pambeguwa, Saminaka, Jengre, sannan a fara hawa sosai. Ni dai al'adata, lokacin tafiyar da waya ta ce sai in ƙara masa rabinsa, kuma ana sallame asuba nake tayar da mota. Mambila kuwa ban taɓa ba ta ƙasa da kwana biyu a hanya ba, na fi son uku. In bi ta Jos, Bauchi, Gombe, Numan, in kwana Jalingo, in kama hanyar Bali da Serti da sassafe. In la'asar ta riske ni ban bar Serti ba, nan zan nemi masauki, ba na tunkarar dutsen da yamma ko me za a ba ni. Kuma ana gobe tafiya nakan je tasha in zauna da direbobin da suka shigo ranar, in tambaye su lafiyar hanya, ina ake wucewa, ina ba a tsayawa. Matambayi ba ya ɓata. Labarin tsaro na makon jiya ba ya yi maka amfani yau.

Yanzu bari in zo kan wanda har gobe in na tuna gabana ke faɗuwa, wato birki.

Karon farko da na je Mambila da kaina a bakin sitiyari, hawan bai ba ni wahala ba. Daga Mayo Selbe hanya ta miƙe sama tana nannaɗe dutse, kwana bayan kwana, muka hau lafiya muka isa Gembu. Muka yi kwana huɗu. Ranar dawowa mun cika but da tsaraba, mu biyar a mota, har da ƙanwata da ɗanta na goye. Da muka fara gangara sai na yi abin da kowane ɗan fili yake yi: na bar mota a babbar giya, na ɗora ƙafa a kan birki ina ta riƙe ta a hankali. A zatona hankali nake yi. Can sai ƙanwata ta ce, "Yaya, ba ka jin wari kamar na ƙonewar roba?" Na ce ƙila babbar motar da ke gabanmu ce. Da muka ƙara shan kwanar hanya sau biyu na taka birki, sai na ji ƙafata ta nutse kusan ƙasa, motar ba ta ko girgiza ba. Gefe ɗaya bangon dutse, ɗaya gefen rami wanda ba ka hango ƙasansa. Salati kawai nake ji a baya. Allah Ya taimake ni na yi ta bugun birkin da sauri har ya ɗan kama, na tura giya ta biyu da ƙarfi, injin ya yi kururuwa, na riƙa jan birkin hannu kaɗan-kaɗan har muka samu wani ɗan faɗi muka tsaya. Hayaƙi na tashi daga tayoyin gaba. Ƙafata ta yi minti goma tana rawa.

Wani dattijon direba da ke gangarowa da buhunan masara ya tsaya ya same mu. Ya ga na ɗauko jarka zan watsa wa tayoyin ruwa, ya riƙe hannuna. "Kai ɗana, kada ka soma, ƙarfen zai lanƙwashe. Bar shi ya huce da kansa." Sannan ya ce, "Giyar da ka hau da ita, da ita ake sauka. Injin ne ke riƙe mota a dutse, birki taimako kawai yake yi."

Ga abin da ke faruwa, don kada wani ya ɗauka tsautsayi ne kawai. Birki da guga yake tsayar da mota, guga kuwa zafi take haifarwa. In ka daɗe ƙafarka na kai, zafin ba ya samun damar fita, sai ya kai ga man birkin. Shi kuma man birki yana shan laima da tsufa, tsohon mai da ruwa a ciki da wuri yake tafasa. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututun, ka taka ka ji kamar soso. Shi ya sa nake canja man birki duk shekara biyu, kuma kafin kowace tafiyar dutse sai bakanike ya cire tayoyi na ga abin da ya rage na birkin da idona. A gangara, giya ta biyu, wani wurin ma ta ɗaya. Mai otomatik ya ja ta zuwa 2 ko L, ba don ado aka sa su ba. In gudu ya ƙaru ka taka birki da ɗan ƙarfi na ɗan lokaci, ka ɗage ƙafa gaba ɗaya ya sha iska.

Masu sa mota a firi a gangara wai suna tattalin mai, ku ji tsoron Allah. Wasu har kashe injin suke yi! In injin ya mutu, birki ya yi tauri, sitiyari ya yi nauyi, me ya rage maka? Man naira nawa za ka rage da zai kai ran mutum ɗaya? Je ka Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ka tambayi mazauna wurin abin da idonsu ya sha gani na manyan motocin da birki ya ƙwace wa. Kuma in ka hango tirela a madubi tana biyo ka a gangara, nemi wuri ka ba ta hanya, kada ka zauna a gabanta.

A hawa kuma zafi ne abokin gaba. Iska tana raguwa in an yi sama, injin yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, ga lodi, ga esi a kunne. Kashe esin, sa ido a kan allurar zafi. In ta haura, ka tsaya ka buɗe bonet, amma kada ka kuskura ka taɓa murfin lagireto sai ya huce sarai. Na ga yaron da tafasasshen ruwa ya sale wa hannu har gwiwar hannu a kan wannan gaggawar. Jarkar ruwa guda ba ta barin motata.

Sai maganar ciki, wadda mutane ke ɗauka wasa. Rabin daɗin irin wannan tafiyar ai abincin bakin hanya ne, ni ba na cikin masu cewa a ɗauko kula daga gida a rufe gilashi. Gasasshiyar masara a wajen Saminaka lokacin damina, wadda aka karyo da safe, da zafinta tana ƙona yatsu. Gwaten acca a Jos da sanyin safiya. Soyayyen dankalin Turawa da ƙwai a teburin mai shayi. Masar Bauchi, da an ɗago ta daga tanda a barbaɗa ƙuli. Nonon Mambila da ayabarta da fiya. Wanda ya wuce waɗannan ya je ya dawo bai ga komai ba. Amma akwai inda ake tsayawa, akwai inda ba a tsayawa.

Wata shekara muna hanyar Jos da iyali, yunwa ta kama yara da rana tsaka, na tsaya a wata rumfa don kawai na ga babu kowa, na ce za a sallame mu da sauri. Wannan babu kowan shi ne ya kamata ya kore ni. Shinkafa ta zo da ɗan ɗumi, miya kuwa a sanyaye, man ya kwanta a sama. Maman yara ta dube ni ta ce, "Malam, anya miyar nan ta yau ce?" Na ce mu ci mu wuce. Kafin magariba ƙaramar 'yata ta fara amai da gudawa, cikin dare muka nemi asibiti a garin da ba mu san kowa ba, aka ɗaura mata ruwa leda uku. Kwana biyun da muka ware don Dutsen Shere da gidan adana kayan tarihi a bakin gado muka yi su, ina kallon yarinya ta zabge saboda gaggawata. Tun daga ranar ba na tsayawa sai inda na ga motocin haya da manyan motoci sun yi layi. Direban da ke bin hanya kullum ba ya komawa inda aka taɓa ɓata masa ciki, kuma tukunyar da ake yawan ɗiba ba ta kwana. Tsire sai an mayar da shi wuta a gabana ya yi ƙara. Waina daga tanda zuwa hannuna. Kankana ko gwanda da aka yanka aka jera a faranti ƙuda na bi, ko kyauta ba na karɓa, in sayi guda in yanka da wuƙata. Fura kuwa ina sha, amma da ruwan da na zo da shi ake dama mini, ƙanƙarar da ban san asalinta ba ba ta shiga kwanona.

Shi ma lokacin cin yana da nasa. Kada direba ya narki tuwo ko ya sha fura ya ƙoshi sannan ya kama kwanoni, barci ne zai sace shi. Yara ma in ciki ya cika, kwanonin hanyar dutse guda uku sun isa su mayar da komai a kan kujera. Ni shayi da burodi da asuba, abu mara nauyi da hantsi, babban ci sai an sauka. Nakan haɗa tsayawar abinci da ta salla, tunda matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa azahar da la'asar, tsayawa ɗaya ta wadatar.

Sauran ƙanana ne, amma su ma suna cizo. Cika tanki a babban gari, a Jalingo in Mambila za ka, don can sama sau da yawa hannun 'yan bumburutu za ka faɗa. Riƙe tsabar kuɗi, mai masara ba ta jiran sabis ya dawo ka tura mata. Duba safaya da jak a gida, ba a gindin dutse ba. Rigar sanyi da bargo, musamman daga Disamba zuwa Janairu, sanyin hunturun Zariya ƙanin na Jos ne. In hazo ya sauko a Mambila har ba ka ganin hancin motarka, ƙaramar fitila za ka kunna, babbar tana dawo maka da haske ido.

Masu tsayawa a tsakiyar kwana don ɗaukar hoto, wanda ke tahowa ba ya ganinku sai ya zo kanku. Ku ƙara gaba kaɗan, wurin kallo ba ya ƙarewa a can. A ruwan Assop da ke hanyar Jos zuwa Akwanga, duwatsun santsi gare su, kada a saki hannun yaro. Kuma makiyayin da ka gani da shanunsa a kan tudun Nguroje na Mambila mutum ne a bakin aikinsa, yi masa sallama ku gaisa, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya.

Tsaraba a dawowa ake sayenta. Na ga waɗanda suka loda buhun dankali da kabeji tun ranar da suka isa Jos, suka yi ta yawo da shi kwana uku a but har kabejin ya fara ruɓewa. A Mambila ma ganyen shayin Kakara da zuma ba su da nauyi, su nake fara saye. Ayaba da fiya da buhun wani abu kuwa sai na ƙirga mutanen da ke cikin motar tukuna, domin duk abin da na ɗora a Gembu, birkin nan dai shi zai riƙe shi har Mayo Selbe.