Matakan Haɗa Tawagar Jinyar Gida a Gunduma

Jihar Kaduna na da ƙananan hukumomi 23 da gundumomi 255, kuma da wuya ka sami gundumar da babu tsoho ko mai shanyewar ɓarin jiki kwance a ɗaki. Ma'aikaci ɗaya ba zai iya da su ba. Ga yadda shugaban cibiyar lafiya zai haɗa tawaga.

1. Fara da mai unguwa da kwamitin ci gaban gunduma. Su suka san gidan da majinyaci yake.

2. Haɗa nas, jami'in lafiyar al'umma, mai ba da magani da ma'aikacin gashin ƙashi. Lallai a sa mace, domin gidaje da yawa ba a shiga.

3. Naɗa mutum ɗaya jagora ga kowane majinyaci, a ba iyalin lambarsa.

4. Ajiye littafi ɗaya a gidan. Idan babu shi, aikin yakan lalace: nas ta auna hawan jini, mai magani bai gani ba, Baba ya ci gaba da shan abin da aka riga aka canja. Duk wanda ya zo ya karanta kafin ya taɓa majinyaci, ya rubuta kafin ya fita.

5. Koya wa mai jinyar, ɗiya ce ko suruka, juya majinyaci duk bayan awa 2 don kada kwanciya ta yi masa gyambo. Ita ma 'yar tawaga ce, a saurare ta.

6. Ku zauna kowane mako. Wanda jikinsa ya tsananta, a rubuta masa takarda zuwa babban asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko.