Yadda ake haɗa sandar fatsa mai ƙudan ƙarya, ta kogi da ta teku

Ƙudan ƙarya ƙugiya ce da aka yi wa ado don ta yi kama da ƙwaro ko ƙaramin kifi. Ana yawan tambayata yadda ake haɗa sandarsa, to ga yadda nake yi:

1. Fara tantance kifin da kake nema.
2. Zaɓi lambar sanda (wadda ke nuna ƙarfinta, mai babbar lamba ta fi ƙarfi) daidai da shi: karfasa lamba 5, tsage 8 ko 9, giwan ruwa irin na kogin Faro a Kamaru kuwa sai 12.
3. In teku za ka, kada ka sauka ƙasa da lamba 8, saboda iska.
4. Ɗauki mai tsawon ƙafa 9.
5. Sayi zare mai lamba ɗaya da ta sandar.

Hattara: nan aka fi yin kuskure. Nauyin zaren ne ke kai ƙudan, in bai dace ba sai ya zube a gabanka.

6. Nemi na'urar naɗin zare mai rufaffen birki (wanda ruwa ba ya shiga cikinsa) in don ruwan gishiri ne.
7. Ɗaura guntuwar waya kafin ƙugiya in tsage kake hari. Na ga haƙoransa sun datse zare kamar almakashi.
8. Ɗauraye komai da ruwan famfo kana dawowa daga teku, kafin tsatsa ta kama.